Muryar da ke Bayan Ƙofa

Ranar Talata da hantsi labarin ya iske Mbarka, tana durƙushe a kicin, hannayenta dumu-dumu cikin kwaɓin burodi. Waya ta yi ta ruri a falo, ita kuwa ta ƙi tashi, don ta san mijinta Miludi ba ya kiranta kafin azahar in yana wurin aiki. Sai a kira na uku ta goge hannu ɗaya a gefen riga ta je ta ɗauka.

Muryar mace ce, tana rawa. "Lalla Mbarka? Ni ce Widad, daraktar fim ɗin."

"Na gane ki, 'yata. Me ya manta kuma? In maganinsa ne, yana cikin safar da ke ƙasan jaka."

Widad ta ce, "Lalla, sai haƙuri. Si Miludi ya rasu."

"Haba dai," in ji Mbarka. "Ai ce mini ya yi a wannan ba ya mutuwa."

Sai da yarinyar ta fashe da kuka sannan ta gane. A Azemmur suke aiki, tafiyar awa ɗaya da rabi daga birninsu, Kaza. Ya zauna a kujera ƙarƙashin itacen ɓaure yana jiran rana ta zagayo bango a ɗauke shi a kyamara, ya rufe fuska da hula kamar yadda ya saba. Da rana ta zagayo aka kira shi, bai tashi ba.

Mbarka ta yi salati ta ajiye wayar. Ta koma ta rufe kwaɓin da tsumma mai tsabta kada ya bushe, ta buga bangon da ke tsakaninta da maƙwabciya sau uku, sannan ta zauna a ƙasa.

Ba laifinta ba ne da ta faɗi haka. Shekara talatin da huɗu suna tare, kuma a cikinsu Miludi ya mutu a fim sau talatin da ɗaya. Shi da kansa yake ƙirgawa. Lokacin da ya aure ta kwandasta ne a bas ɗin unguwar Hay Muhammadi, da yamma yana wasan kwaikwayo a gidan matasa na unguwa. Daga nan sai rediyo, daga rediyo sai talabijin, yau ɗan sanda gobe mai gadi. Wata shekara Turawa masu shirya fim suka zo garin Warzazat neman fuskoki, suka ga hancin nan nasa da girar da ta haɗe, suka ce ga mugu sun samu. Tun daga nan hanya ta buɗe. An soke shi da mashi yana sanye da kayan Rumawa, an jefo shi daga ganuwa, an harbe shi a bakin rijiya. A Sham ya yi wazirin da aka shayar da guba a wasan watan azumi. A Misira suka yi ta dariyar lafazinsa har suka mai da shi bawa bebe, nan ma sai da aka shaƙe shi. Ya je Urdun, ya je Malta, ya je Sifen. Sau ɗaya ma aka gayyace shi Faransa, ya taka jan kafet da kwat ɗin aro, ya dawo mata da kwalbar turare da kumburarriyar ƙafa.

A gidan wanka mata suke ba ta labari. "Mbarka, jiya mun ga an fille kan mijinki!"

Ita kuwa sai ta ce, "To, da safe dai ƙwai biyu ya ci."

Ba ta taɓa kallon ko ɗaya har ƙarshe ba. Da ta ga an fara zare takobi sai ta tuna tana da shanya a kan rufi.

A gaban mutane ba ya ƙorafi. Cewa yake aiki ne, kuma akwai wanda ya shekara biyar a makarantar Landan bai iya faɗuwa kamarsa ba. A gida ne kawai, in ya dawo da kafaɗa a gurɗe tana shafa masa man zaitun, yakan ce, "Ni dai sau ɗaya nake so, Mbarka. A kashe kyamara ina zaune ina cin abinci kamar ɗan kowa."

Abin da mutane ba su sani ba, duk kalmar da Miludi ya furta a gaban kyamara, a kicin ɗin Mbarka ta fara fitowa. Ba ya iya hadda shi kaɗai. Ita kuwa aji uku ta tsaya a makarantar ƙauyensu can Dukkala, karatunta sai da yatsa, a hankali, amma abin da ya shiga kunnenta ya zauna. Sai ya karanta mata maganar ɗaya mutumin sau biyu, ya jingina da ƙofa riƙe da takarda, ita tana fere karas ko tana murza kuskus, tana jefa masa tata yana mayar da tasa. Ta yi sarkin Rum, ta yi Fir'auna, ta yi janar na sojan Amurka. In da Turanci ne sai ta haddace sautin kawai, daga baya ya gaya mata ai yanzu ta ba da umurni a rataye shi.

"Madalla," take cewa. "Da ma wata uku ina maganar famfon nan ka ƙi gyarawa."

Da can a kaset yake naɗa, daga baya a waya, ya riƙa saurara a doguwar hanyar Warzazat.

Bara ne Widad ta kawo masa nata labarin. Labarin wani dattijo ne da ake kira Ba Allal, mai gidan gasa burodi na unguwa, 'yarsa ta tafi Italiya ba da yardarsa ba, shekara tara ba ya amsa wayarta. Matar Ba Allal ba a ganinta ko sau ɗaya a fim ɗin, muryarta kawai ake ji daga kicin, bayan wata shuɗiyar ƙofa. Miludi ya karanta har shafin ƙarshe, ya juya bayan takardar ya duba ko akwai saura, sannan ya taho kicin da gudu ba takalmi.

"Mbarka! Ina raye! Wallahi har ƙarshe, ga kwano a gabana!"

Allah bai ba su haihuwa ba. Ga shi yana da shekara sittin da uku an ba shi 'ya, ko da ta takarda ce, kuma da harshen da ake magana da shi a layinsu.

An kai shi makwancinsa ranar Laraba bayan azahar. Kwana uku ba a hura wuta a gidan ba, maƙwabta ke shigo da kuskus a manyan akusa. Mata suka cire mata 'yan kunne, suka sa mata farare tun daga ɗankwali har silifa, ta shiga takabarta, wata huɗu da kwana goma. Yayar Miludi, Lalla Hadda, ta taho daga Settat da jaka biyu ta ce kwana bakwai za ta yi, ta zauna abinta. Mace ce mai jiki da murya, wadda har yau ba ta yafe wa ƙanenta barin aikin bas ba.

Bayan sadakar arba'in da kwana biyu Widad ta zo, ɗauke da curin sukari na gaisuwa. Ta rame. Ta sha shayi kofi biyu tana juya kofin a hannu kafin ta iya buɗe baki.

"Lalla, mun ɗauki komai da komai, sai fitowa ɗaya, ta ƙarshe. 'Yar ta dawo da jakarta, ta hau bene, ta ji uban da uwar suna musu a kanta a kicin, ta tura ƙofa ta same shi yana cin abinci. Ita ce za mu ɗauka ranar Alhamis ɗin makon da ya..." Ta haɗiye sauran. "Furodusa ya ce a sauƙaƙa. Ta dawo ta tarar da zaman makoki. Ba Allal ya mutu, a rubuta sunan Si Miludi a ƙarshe da addu'a. Ya ce mutane za su yi kuka."

"To ai gaskiya ya faɗa," in ji Hadda. "Ya mutu ɗin."

"Miludi ne ya mutu," Mbarka ta ce. "Shi Ba Allal me ya yi musu?"

Widad ta ce mako biyar aka ba ta ta miƙa fim ɗin a kammale, don ya shiga bikin fina-finai na Tanja. In ba ta samo wata mafita ba, ta furodusa za a bi. Ta ji marigayin yana cewa a gida yake bita kuma yana naɗa, shi ya sa ta zo, ko Allah ya sa ya naɗi ta ƙarshen.

Wayar tana cikin durowa tun ranar da aka kawo ta a leda tare da tabaransa da agogo. Mbarka ba ta taɓa ta ba. Ta ɗauko ta miƙa, Widad ta sa mata caji ta lalubo, ta ajiye a kan tire tsakanin kofuna.

Abin da ya fara fitowa fiton tukunya ne, irin wadda ake murɗe wa murfi. Sai ƙarar wuƙa a kan katako. Sai Miludi, kamar yana zaune a gefen Hadda.

"Ba inda za ni. Da za ta tafi, ta tambaye ni?"

"Kai dai faɗi gaskiya," muryar Mbarka ta amsa daga wayar. "Tsoro kake ji ta ga ka tsufa."

"Na tsufa ɗin ne?"

"Ka tsufa mana. Jiya ka rina gashin baki, ka ɗauka ban gani ba? Tawul ɗina ya shaida."

Dariyarsa ta cika falon, irin wadda take ƙarewa da tari. Sannan murya ta yi ƙasa. "To in ta shigo, me zan ce mata?"

"Kada ka ce komai, ɓatawa za ka yi. Matsa mata ta zauna, ka tura mata naman da ke gabanka."

"Shi ke nan?"

"Da wa'azi za ka yi mata?"

Aka ji an ja kujera, aka ji tauna. "Miƙo mini zaitun ɗin nan. Kai, gishirin nan ya yi yawa."

"Ka ci ko ka bari."

Nan naɗin ya tsaya. Hadda ta ja ɗankwali ta rufe baki. Mbarka na kallon farar silifarta.

"Wannan ba shi na rubuta ba," in ji Widad a hankali.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Abin da kika rubuta yana da kyau, amma mace ba ta cewa mijinta 'zuciyar uba teku ce' tana yanka albasa. Shi ne na faɗi nawa, shi kuma ya biye mini. Mun ce gobe za mu sake na gaskiyar."

"Wannan ne na gaskiyar, Lalla." Widad ta share hanci. Ta ce za a iya tsai da kyamara a kan fuskar yarinyar tana saurare a bayan ƙofa, ba sai an ga uban ba, muryarsa ta isa a san yana ciki. Amma akwai matsala guda. Muryoyin biyu sun sarƙe da juna da fiton tukunya, ba mai iya cire ɗaya ya bar ɗaya. Wata 'yar wasa daga Rabat aka shirya ta yi muryar matar daga baya. Yanzu in aka sa wannan naɗin a ƙarshe, dole matar ta zama murya ɗaya tun daga farko. Magana arba'in da 'yan kai ce, kuma Mbarka ce za ta faɗe su.

Hadda ta dire kofi. "Wa? Mai takaba? Ke yarinya, a gidanku ba manya? Muryarta a silima, ƙarti na ɓare 'ya'yan kabewa suna ji? Ƙafarta ba za ta taka bakin ƙofar nan ba sai ta cika kwanakinta."

"Ba sai ta fita ba, Hajiya. Mu za mu zo da kayanmu."

"Ki zo da kayanki ki tona wa ƙanena asiri, duniya ta ji yana rina gashin baki!"

"Duk layin nan sun sani, Yaya," in ji Mbarka. "Shi kaɗai ne bai san sun sani ba."

Ta ce wa Widad ta ba ta kwana biyu. Ba maganar mutane ce ta fi damunta ba. Minti uku ɗin nan da ta saurara sun ishe ta ciwon ƙirji har la'asar, ga shi ana so ta yi ta jin sa tana amsawa. Amma in ta ƙi, za a naɗe wani abu cikin likkafani a ce Ba Allal ne, a cika talatin da biyu.

Washegari suna tsince wake a falo ta ce, "Yaya Hadda, sau nawa kika ga an kashe ƙanenki?"

"Ni ina ruwana da shirme? Ban kallo."

"Kina kallo. Shi ya gaya mini kina kiransa ki zage shi duk bayan fim."

Hadda ta yi ta tsintar waken ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Na bakin rijiyar nan, kwana uku ban ci abinci ba. Haka ya faɗi da ƙafa ɗaya a lanƙwashe, kamar ranar da ya faɗo daga jaki yana ɗan shekara shida." Ta ture faranti, ta yafa mayafi ta fita ba sallama. Gidan liman ta je, wurin matarsa. Ta dawo tana huci kamar an kayar da ita a kotu.

"Wai an hana ta fita, an hana ta kwalli da lalle da turare, amma ba a hana ta magana a cikin gidanta ba. Ki kira 'yar taki. Sai dai ina zaune za a yi komai."

Ranar Litinin Widad ta zo da mai ɗaukar sauti, Si Mahjub, wani mai sanƙo mai tafiya a kan yatsu. Suka rataye barguna a bangon ɗakin kwana, suka kafa makirufo, suka tsai da Mbarka a gabansa, suka ɗora mata abin saurare a kunnuwa. Maganganun ta riƙe su tun bara, ba wadda ta zube. Mahjub ya ɗaga yatsa.

"Ina takalmina?" in ji muryar Miludi ta cikin fim ɗin, a tsakiyar kanta.

Bakinta ya buɗe, ba abin da ya fito. Aka sake. A karo na uku ta amsa, amma da wata siririyar murya ta 'yar makaranta da aka tayar a gaban aji. Haka aka yi ta fama har la'asar. Ranar Talata ma haka. Ta tsaya ƙiƙam, hannaye a gefe, farar rigarta ta jiƙe da gumi, tana neman gafara bayan kowace magana. Widad tana cewa ba komai, Lalla, amma Mbarka ta ga yadda ta kalli Mahjub, ta ga yadda ya kawar da kai.

Hadda ce ta gaji da gani daga kan gadon da ta hakimce.

"Ku dai da karatunku ba ku da wayo. Shekara talatin da huɗu na san matar nan, kun taɓa ganin ta yi magana hannunta ba komai? Ko gulma ba ta iyawa sai tana fere wani abu. Ku ba ta aiki!"

Mahjub ya ce kicin ba wurin ɗaukar sauti ba ne, ga firji, ga taga a kan layi.

"Firji a zare shi. Layi kuma ka bar ni da shi."

Washegari bayan azahar aka koma kicin. Mbarka ta zuba tsakin kuskus a akushi ta yayyafa ruwa, ta zauna a 'yar kujerarta. Da Mahjub ya miƙo abin kunnen sai ta girgiza kai.

"Ba a cikin kaina yake magana ba, ɗana. Daga can yake, bakin ƙofa."

Mahjub ya shafa sanƙo ya yi ƙunƙuni, ya ɗaure wata 'yar sifika a jikin ƙofar daidai tsayin mutum, ya rage mata ƙarfi. Hadda kuwa ta ja kujera ta dasa a tsakiyar layi. Ta tagar suna jin ta.

"Kai mai kifi, ka ƙara matsa ƙahon nan na cusa maka shi a maƙogwaro! Sardin ɗinka na jiya ba sai ka yi shela ba, warinsa ya riga ka. Kai kuma mai gas, bi ta baya!"

"Hajiya, hanyar gwamnati ce fa!"

"Yau ni ce gwamnatin. Ƙanena na aiki."

Layin ya yi tsit. Mahjub ya ɗaga yatsa.

"Ina takalmina?"

"Inda ka tuɓe su," in ji Mbarka, tafin hannunta na zagaya akushi. "Ko ka ɗauka suna bin ka?"

Widad ta dafe baki kada dariya ta shiga naɗin. Daga nan abu ya tafi. Wata maganar ta faɗe ta yadda aka rubuta, wata ta lanƙwasa ta, Widad ba ta hana ba. Kwana huɗu suka yi, kullum daga azahar zuwa kiran la'asar. Kuskus ya yi yawa har sai da aka riƙa aika wa maƙwabta.

A rana ta uku aka zo wata 'yar gajeriyar fitowa. Ba Allal zai tafi gidan burodi, ya ce daga bakin bene, "Na fita." Matar ta amsa, "Allah ya kiyaye, a dawo lafiya." Shi ke nan. Mbarka ta ji "Na fita," hannunta ya tsaya a cikin akushi. Ranar Lahadin da ya tafi Azemmur tana kan rufi tana shanya, haka ya ɗaga murya ya faɗa daga ƙasa, ita kuma da maƙalen shanya a baki ta ce masa ya ja ƙofa da kyau, kyanwa na shiga.

"Allah ya kiyaye," ta ce. "A dawo lafiya."

"Ya yi," in ji Mahjub. "Tsaf."

"A sake."

"Lalla, wallahi ba abin gyara."

"A sake dai, ɗana."

Ya kalli Widad, ta gyaɗa masa kai. Sau huɗu Miludi ya ce ya fita, sau huɗu ta sallame shi. Sannan ta goge ido da bayan hannu ta ce, "Mu je gaba, tsakin nan zai bushe."

Saura ƙofa. Gidan da aka ɗauki fim ɗin a Azemmur an riga an mayar wa masu shi, kuma Widad ta ce ƙofa da fuska kawai take bukata. Aka kawo mai fenti ya shafe ƙofar kicin ɗin Mbarka da shuɗi, Hadda na faɗin sun mai da gidan mutane shagon mai aski. Yarinyar da ke yin 'yar Ba Allal, Ikram, ta zo da jan akwati, ta sumbaci kan Mbarka. Mai kyamara ya yi ta tura ƙofar yana jawowa har ya sami yadda yake so, a buɗe faɗin tafin hannu, ya yanki ɗan farin salatif ya manna a ƙasa daidai bakinta, don a riƙa mayar da ita wurin. Aka ce Mbarka ta zauna a ciki inda ba a ganinta, ta ɗora tukunya don tururi ya riƙa fita ta kafar.

Ta zauna. Aka saki naɗin. Ta ji takun yarinyar a bene, ta ji ya tsaya. Miludi ya tambaya ko ya tsufa ɗin ne, aka ba shi amsa, ya yi dariyarsa, ya nemi zaitun. Ƙofa ta buɗe, Widad ta ce a tsaya. Ikram dai ba ta tsaya ba, ta shigo da akwatinta tana kuka wiwi, ba na wasa ba. Mbarka ta matsa mata a benci.

Furodusa ya kalla sau biyu, ya ce shi dai har yanzu yana ganin makoki ya fi sa kuka, amma a bar shi haka. A Tanja Mbarka ba ta je ba, da sauran kwanaki a takabarta. Sai da aka kawo fim ɗin Kaza, kwana tara bayan ta tuɓe farare, ta je da Hadda da kusan rabin matan gidan wanka, suka cika layi biyu. Da muryarta ta fara fitowa wata ta yi guɗa, aka yi ta cewa su yi shiru. Wurin gashin baki silima duka ta kwashe da dariya, har mazan da ke baya. Mbarka ba ta tashi ba. Ta ga fuskar yarinyar, ta ga tururi na fita ta kafar ƙofa, ta ga hannu ya tura, allo ya yi duhu ana jin taunarsa.

Da aka kunna fitilu Hadda ta fyace hanci da ƙarfi ta ce, "Gishirinki kam yana yawa, wannan bai yi ƙarya ba."

Hadda ta koma Settat bayan sati. Kafin ta tafi ta zo da wuƙa za ta kankare salatif ɗin nan na ƙasa, wai yana tara datti, Mbarka ta ce ta bar shi. Mai fenti ma ya dawo zai mayar da ƙofar yadda take, aka ba shi shayi aka sallame shi. Salatif ɗin yanzu ya yi baƙi, gefe ɗaya ya fara ɗagowa, in tana goge ƙasa sai ta zagaye shi da tsumma. Kullum da safe in ta shiga kicin, sai ta juyo ta jawo ƙofar a hankali har bakinta ya zo daidai kansa, sannan ta kunna wuta.